Ɗinkin da Na Farke

Keken ɗinki uku ne a shagona, amma ɗaya ke kuka. Biyun na lulluɓe su da tsofaffin zannuwan gado, kullum da safe in share ƙarƙashinsu a hankali kamar mai gudun tada baƙi daga barci. Mai gyaran takalmin da muke bango ɗaya da shi, wani tsoho mai bakin tsiya, in ya leƙo sai ya nuna su da haɓa ya ce, "Maƙwabciya, ya masu jiki?" Ni kuma in ce ya je ya ji da warin takalmansa. Iyakar hirar da nake samu a yini ke nan, in ban da masu kawo ɗinki, su ma sun ragu.

Shekara ɗaya da wata biyu ke nan da ƙanwata ta tashi daga keken da ke jikin taga. Auta muke ce mata, ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu. Mutanen layi sun ce bakina ne ya kore ta. Ƙarya suke yi. Da bakina ne ma da abin ya zo da sauƙi, don magana ko ba komai ana jin ta a rama. Abin da ya kore ta rabin reza ne da nake ajiyewa cikin gwangwanin maɓallai.

Na buɗe shagon nan shekara talatin da ɗaya da suka wuce, da keke ɗaya da almakashin da ban yarda a yanka ko takarda da shi ba. Ta wajen kwala aikina ya yi suna. Kowane tela na iya haɗa gaba da baya, amma kwalar da za ta zauna a wuya ba ta ɗaga ba, ba ta kwanta ba, bakinta biyu su zo daidai kamar tagwaye, wannan sai ni, ba yabon kai ba. Da aiki ya yi mini yawa na ɗauki wata mata ta taya ni. Ranarta ta uku ta ɗinka hannun riga, layin ya ɗan karkace, irin karkacewar da mai rigar ba zai taɓa gani ba. Ni na gani. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga yadda take shafa aikin da tafin hannu tana murmushi. Na haɗiye maganar. Da ta fita cin abincin rana na ɗauko reza na farke, na sake ɗinkawa, na mayar inda ta ajiye. Ta dawo ba ta lura ba. Ba faɗa, ba ɓacin rai, riga kuma ta yi kyau. Na ce a raina ashe haka abin yake da sauƙi.

Daga ranar na daina cin abincin rana.

Mata bakwai suka zauna a kan kekunan nan suka tashi, ba wadda hannunta ya ƙaru, don ba wadda ta taɓa sanin ta yi kuskure. Ni kuwa ina ta cika wa mai takalmi kunne cewa mutanen yanzu ba sa koyon sana'a. Keke uku na aiki, amma abin da ke fita ta ƙofa aikin mutum ɗaya ne, tunda duk abin da aka ɗinka sai ya sake bi ta hannuna. Mai kaya ya zo in ce gobe, gobe ta yi in ce jibi. In an kawo babban aiki, na makaranta ko na kamfani, sai in ɗaga hanci in ce ba na ɗinkin gaggawa, ni ba inji ba ce. Gaskiyar ita ce na san ba zan iya farke riga ɗari a lokacin cin abinci ba.

Auta ta zo wurina bayan rasuwar mahaifiyarmu, ta yi shekara goma sha bakwai a jikin tagar nan. Tana da hannu, yanzu na yarda. Tana kuma da surutu, tun daga buɗe ƙofa har rufewa, labarin wadda ta rabu da mijinta da wadda ta sayi kujeru, har in ce mata kaina na ciwo. Ban taɓa ba ta almakashi ba. Yanka nawa ne, kwala tawa ce, ita jiki da hannu da kalmasa. Nata ɗinkin ma ban bar shi ba. Da farko in na ga kuskure nake farkewa, daga baya ko ban ga komai ba sai zuciyata ta ƙi kwanciya har sai na bi layin da kaina.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata mata ta kawo yadi mai santsi, irin wanda in allura ta huda shi ramin ba ya rufewa. Auta ta ɗinka kafaɗun da safe, da rana suka fita ita da Doguwa, ɗayar mai taya mu, na yi abin da na saba. Da yamma Auta ta ɗauki rigar za ta goge. Na ga ta tsaya. Ta kai ta jikin taga, ta ɗaga wa haske. Ga layina, ga kuma jerin ƙananan ramuka a gefensa, inda nata ya bi.

"Yaya," ta ce, ba ta juyo ba. "Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Yaya, don Allah."

Da na yi ƙarya ma wataƙila da ta karɓa, don tana son ta karɓa. Amma girman kai ya hana ni. Na ce, "Tun zuwanki. To mene ne? Ai kayan mutane ne, ba na wasa ba."

Ta ajiye rigar a hankali. "Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Gudun ɓacin ranki."

Ta yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinta ba. "Shekara goma sha bakwai ina zaune ina ɗinka iska. In mutum ya yaba riga in ji daɗi, in je gida in gaya wa mijina an yabi aikina. Ashe ko zare ɗaya nawa bai taɓa fita ƙofar nan ba."

Na ce wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi, na fi ta sanin sana'ar. Ta ƙarasa watan ba ta sake ba ni labarin kowa ba, ranar ƙarshe ta share wurinta, ta ɗauki matashin da take jingina da shi, ta ce sai an kwana biyu. Bayan wata biyu Doguwa ta bi ta. Na ce su je, wa ya damu. Na damu. Sati na farko da na zauna ni kaɗai, sau uku ina juyawa in ce miƙo mini alli, sai in ga taga.

Ana nan, wata safiyar Litinin mota ta tsaya a ƙofar shago. Manajar wani otal ce, wadda na daɗe ina ɗinka wa kayanta na ofis. Ta shigo da dami biyu na farin yadi.

"Anti, na kawo miki aiki," ta ce. "Za mu buɗe sabon ɓangare, ina son riguna arba'in na ma'aikata, duk masu kwala. Na ce wa mai otal ɗin ba wanda zai taɓa su sai ke. Sati uku. Za ki iya?"

Irin aikin da na yi shekara talatin ina korewa ke nan ina kuma kwaɗayinsa a ɓoye. Ta dubi kekunan da ke lulluɓe, ta dube ni. Wannan kallon ne ya sa na ce, "Sati uku ai har da hutu."

Na yanka su duka a kwana biyu, wannan ba ya ba ni wahala. Ɗinkin ne ya tona mini asiri. Babban yatsana na dama ya daɗe yana ƙagewa, ina ɓoyewa ko ga kaina. In na yi awa biyu a kan keke sai ya sandare, sai na tsoma shi cikin ruwan zafi kafin ya saki. Zare kuma ya fara yi mini gardama da allura. Kwana tara suka wuce, riga goma sha ɗaya ke rataye. Na tsaya ina kallonsu, na ji tsoro irin wanda ban ji ba tun ina yarinya.

Mai takalmi ya leƙo da kofin shayinsa, ya ga tulin yadi a kan tebur.

"Maƙwabciya, wannan kuma likkafanin wa kike yanka haka da yawa?"

"Naka ne, na ga ka kusa."

Ya yi dariya, ya shigo ya zauna a kan kujerar masu jira, abin da bai saba ba. Ya ce, "Kin san ni da ke abu ɗaya muke. Ni ma na kori kowa, na ce ba wanda ya iya jan zare kamar ni. Ga ni nan, in na yi mura takalman gari su yi ta jira. Amma ni ba ni da ƙani mai shago. Ke kina da ita, bas biyu kawai."

"Ni zan je in roƙi yarinyar da na goya?"

"Goyon ai ya ƙare tuni. Yanzu tana da ƙafafunta." Ya tashi, ya kurɓi shayinsa. "Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi."

Na yi tsaki, na ce ya fita mini daga shago. Washegari na rufe ƙofa da hantsi na hau bas.

Ban taɓa zuwa shagonta ba, kwatance kawai na sani: bayan gidan mai, kusa da mai wankin mota. Tun daga nesa na ji shi kafin in gan shi, ƙarar kekuna da rediyo da dariyar mata. Bai kai rabin nawa ba. Keke huɗu a cushe, in ɗaya za ta tashi sai ta gefenta ta matsa. An ɗaura igiya daga bango zuwa bango, cike da kayan da aka gama. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne Doguwa, tsaye a kan tebur da almakashi a hannu tana yanka yadin mutane, kanta tsaye. Doguwar da ta yi shekara huɗu a wurina ban yarda ta yanka ko aljihu ba.

"Yaya!" Auta ta miƙe har zare ya faɗi daga cinyarta. Ta ƙara jiki. Ta kwashe kaya daga kan kujera ta goge da gefen mayafinta, ta sa aka kawo mini ruwa. Muka gaisa, ya gida, ya yara, ya aiki, kamar waɗanda suka haɗu a gidan biki.

"Wucewa nake yi na ce bari in leƙo," na ce.

"Kin kyauta," ta ce. Ta san bayan shagonta ba komai sai filin ajiye manyan motoci, amma ba ta tambaye ni ina zan wuce ba.

Ina zaune wata mai ɗan ƙiba ta miƙo mata riga. Auta ta duba, ta ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Jama'a ku zo ku ga aljihu. Wannan tafiya zai yi ne? Ya kama hanyar hammata."

Shagon ya kwashe da dariya, har da mai aljihun. Auta ta nuna mata da farce inda ta saki alamar alli, ta mayar mata. Matar ta zauna ta farke da kanta tana mita, tana cewa allin ne ya goge. Shi ke nan. Ba wadda ta yi kuka, ba wadda ta yi fushi. Abin da na yi shekara talatin ina gudu ke nan, aka yi shi aka gama kafin in shanye ruwana.

Na daɗe ina juya kofi a hannu. Sai da Auta ta rako ni bakin ƙofa na iya buɗe baki. Na gaya mata zancen rigunan otal, da kwanakin da suka rage, da yatsana. Na ce, idona a kan motocin da ake wankewa, kekenta na nan yadda ta bar shi.

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Ba zan koma kan keken nan ba, Yaya. Kada ki sake tambaya ta, don ba na son in ce miki a'a sau biyu." Ta ci gaba, "Amma ki kawo kayan nan. Mu biyar ne, za mu haɗa jiki da hannu a kwana huɗu. Kwala kuma ki zauna ki koya mana, don har yau ba wadda ta kai ki, ni ma ina kame-kame ne. In an gama, ga wuri, in kina so. Za mu matsa."

"In zauna a nan?"

"Me za ki yi a can ke kaɗai? Abu ɗaya kawai. Duk abin da bai yi miki ba, ki faɗa da baki, ki mayar wa mai shi. Kin ji sharaɗin."

Na ce na ji. Allah ya sani da gaske na faɗa. A cikin bas ina dawowa har na fara tunanin wane keke zan kawo, nawa ko na jikin taga.

Washegari na ɗauki tasi na kai kayan. Da gangan na bar rezar a gwangwani. Sun share mini wuri kusa da ƙofa inda haske ya fi, an sa mini matashi. Mai ƙibar nan ta ce ta ji labarin kwalata tun kafin ta fara ɗinki. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na manta rabon da in zauna a ɗakin da mutum fiye da ɗaya ke numfashi.

Suka kewaye ni. Na ɗauki kwala ɗaya na haɗa, na juya, na fitar da bakinta, na danna da guga. Ta fito tsaf.

"Yaya, a hankali mana," in ji Doguwa. "Ba mu ga komai ba. Me kika yi a kusurwar nan?"

Na sake yin wata. Ta ce, "Nan, nan da kika ja na ƙasa. Me ya sa?"

Hannuna ya san dalili, ya san gwargwadon yadda ake jan na ƙasa a bar na sama ya ɗan saki don kwala ta lanƙwashe da kanta, amma ban taɓa sa abin a magana ba, ko sau ɗaya. Na ce, "Haka dai ake yi. Ki duba ki gani." Auta ce ta sunkuyo ta kalli yatsuna, ta fassara musu abin da nake yi, kamar ni baƙuwa ce da ba ta jin yaren garin.

Doguwa ta ce za ta gwada. Ta zauna tana cije leɓe, ta ɗauki kusan rabin awa. Da ta gama ta kawo mini da hannu biyu. Na karɓa. Ta yi ƙoƙari ƙwarai. Amma bakin hagu ya fi na dama tsawo da kamar faɗin ƙwayar shinkafa, kusurwar kuma ta ɗan dunƙule. Kekuna suka tsaya. Idon mutum biyar a kaina, na Auta ya fi kowanne nauyi. Kalma uku kawai ake nema a wurina: farke ki sake. Na dubi Doguwa, na ga gumi a goshinta da yadda take jira.

"Ta yi," na ce.

Doguwa ta yi tsalle ta tafa da mai ƙiba. Auta ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kin tabbata, Yaya?"

"Na ce ta yi."

Da rana ta take suka tashi za su ci abinci a wata rumfa can ƙarshen layi. Suka ce in zo. Na ce ba na jin yunwa. Ban shirya faɗar haka ba, bakina ne ya saba. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube ni har sai da na kau da kai.

"Zo mu je, Yaya. Ko ruwa ki sha."

"Ku je, ƙafata ke ciwo."

"To," ta ce.

Shagon ya yi tsit, sai fanka. Kwalar na kan tebur inda Doguwa ta ajiye ta, ta shimfiɗa ta da kyau don ta dawo ta ɗora a riga. Na sa hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina. Na kalli titi, na karanta duk abin da aka rubuta a jikin kalanda. Na ce wa kaina ma'aikacin otal ne zai sa, wa zai auna bakin kwalarsa. Na ce in sun dawo zan faɗa da baki, ai lokaci bai ƙure ba. Sai na tuna tsallen da Doguwa ta yi, na ga ba zan iya ba. Hali zanen dutse. Ba reza, amma akwai allura a ko'ina. Na ce minti biyar ne, in gyara in ajiye, daga wannan kuma na daina.

Farkewar ta zo da sauƙi. Da na zo mayarwa yatsan ya ƙage. Na matsa shi, na hura masa iska, na cije shi, ya ƙi. Keken ba nawa ba ne, ya ci zare ya dunƙule a ƙasa. Ina ta fama, gumi na zuba, na ji muryoyinsu a ƙofa.

Suka same ni da kwalar gida biyu a cinya, guntayen zare a jikin zanina.

Doguwa ta zo ta tsaya a kaina, ta dubi abin da ya rage na aikinta. Ta ce a hankali, "Yaya, ai da kin ce in sake, da na sake." Ta koma wurinta ta zauna, ta juya mini baya.

Na so in ce wani abu. Na so in ce ku yi haƙuri. Abin da ya fito shi ne, "Bakin hagu ya fi tsawo."

"Na gani tun ɗazu," in ji Auta. "Ke nake jira ki faɗa." Ta sunkuya ta tsince zaren daga zanina ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake yi mata in za ta tafi makaranta. Idonta ya yi ja amma muryarta ba ta rawa. "Ki je gida ki huta, Yaya. Za mu gama miki rigunan, ba za ki ji kunya ba. Za a kawo miki."

Ta tare mini tasi da kanta, ta buɗe mini ƙofa, ta ce in gaida gida. Ta san ba kowa a gidan.

Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, mai tasi ya sauke mini kwali uku a ƙofa. Na leƙa cikin motar, shi kaɗai ne. Na tambaye shi ko an ba shi saƙo, ya ce an ce dai ya kawo. Riga ashirin da tara, a goge, a ninke. Na rufe ƙofa rabi, na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya na juya cikinsu, na kai jikin taga, na auna bakin kowace kwala da tef. Na yini a kai. Ina neman kuskure kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi a kasuwa, don in na samu ko ɗaya zan ji sauƙi. Ban samu ba. Da na haɗa su da nawa goma sha ɗaya a kan igiya, na ja da baya, ni kaina na kasa rarrabewa. Na zauna na yi kuka, irin wanda ban yi ba ranar da Auta ta tafi.

Manajar ta zo ranar da muka yi. Ta ɗaga riga ɗaya, ta shafa kwalar, ta yi murmushi.

"Anti, hannunki ba ya tsufa. Na faɗa musu. Yanzu saura na masu kicin da masu gadi, sittin, sannan duk shekara za a sake. Mai otal ya ce a ba ki gaba ɗaya."

Wadda take shafawa ba tawa ba ce. Na sani don na yi wa nawa alama da alli a ciki.

Na ce, "Kin san gidan man da ke bayan babbar gada? Ki bi ta gefensa har wurin mai wankin mota. Akwai shago a nan mai keke huɗu. Su suka ɗinka wadda ke hannunki, da mafi yawan sauran. Can za ki kai."

Ta dube ni da mamaki. "Ke fa?"

"Ni ina nan. In maɓallinki ya cire ki kawo."

Ta ciro wayarta ta rubuta kwatancen. "In na je in ce wa ya aiko ni?"

"Ki ce wa mai shagon yayarta ta duba rigunan ɗaya bayan ɗaya, ba ta sami abin gyarawa ba."

"Ƙanwarki ce? To, Anti, me zai hana ki gaya mata da kanki? Ba ki da lambarta ne?"

Na ce ina da ita. Na taya ta kai kwalayen mota, ta tafi.

Ina da lambar. Kullum da rana, lokacin da na san sun tashi cin abinci, nakan ɗauko wayar in nemo sunan Auta in ajiye a kan keke ina kallo. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan.